Darasin Sana'a: Zafi da Laima a Kiwon Ƙudan Zuma a Ƙasar Gashuwa da Nguru

A kowace shekara, daga tsakiyar watan Maris har zuwa faɗuwar ruwan farko, masu amya a ƙasar Bade da Nguru sukan tafka wata asara wadda ba ta shiga littafin kowa. Mutum zai kafa amyarsa, ƙudan zuma su shiga, su yi saƙa, har ya soma lissafin abin da zai ɗiba, sai wata rana ya je ya tarar da gidan wayam, ko kuwa ya iske saƙa ta zube, zuma na tsiyaya ta bakin ƙofa, tururuwa sun yi dafifi. Wasu kan ɗora laifin a kan baki, wasu a kan makiyaya, amma galibi dalilin bai wuce abubuwa biyu ba, wato zafi da laima. Haka shi ma ɗan kasuwan da ya sayi jarkokin zuma ya ajiye yana jiran farashi ya tashi, bayan wata biyu ya buɗe ya ji tsami da kumfa, waɗannan abubuwa biyu ne suka cinye masa jari.

Wannan darasi ya shafi duk wanda ke son zuba kuɗi cikin sana'ar zuma a arewacin Jihar Yobe, ko mai kiwo ne, ko mai saye ya tara, ko mai ba da bashin jari.

Ƙasar da yanayinta

Gashuwa, hedkwatar Ƙaramar Hukumar Bade, tana bakin Kogin Yobe, ba nisa da inda ruwan Haɗejiya da na Jama'are suke haɗuwa. Nguru kuwa, wadda hanyar jirgin ƙasa daga Kano ta isa a 1930, ta daɗe da zama matattarar ƙaro da kiraga da amfanin gona. Tsakanin garuruwan nan biyu akwai fadamun Haɗejiya da Nguru, waɗanda aka kafa shiri na musamman don kiyaye su a 1987, aka kuma sanya tafkin Nguru cikin jerin dausayin duniya na Yarjejeniyar Ramsar a shekarar 2000. Wannan ruwa da ke kwance a bakin hamada shi ne babbar sa'ar mai zuma a yankin, domin ƙuda na samun abin sha da furanni a lokacin da dajin tudu ya bushe ƙayau.

Abincin ƙudan kuma yana zuwa ne bi da bi. Da damina akwai furen riɗi da wake da guna da kankana da ciyayin daji. A ƙarshen damina magarya da kurna da dakwara suna fure, gawo ya karɓa da shigowar rani, mangwaro da dogon yaro su biyo baya. Sai dai kuma yanayin yana da tsanani ta kowane ɓangare. Ruwan sama a galibin shekaru yana tsakanin milimita 400 da 500, kuma cikin watanni huɗu kacal yake sauka. A Afrilu da Mayu zafin rana kan haura digiri 40 a ma'aunin santigired, ko da a inuwa aka auna. A Disamba da Janairu sanyin asuba kan sauka ƙasa da digiri 15. Laimar iska, wadda kan wuce kashi 70 cikin 100 a watan Agusta, takan faɗi ƙasa da kashi 20 a Fabrairu da Maris. Cikin wannan hawa da sauka ne ake son ƙwaro mai nauyin ƙwayar wake ya riƙe ɗakin rainonsa a zafi guda, dare da rana.

Yadda ƙudan ke tafiyar da gidansu

A tsakiyar amya, inda sarauniya ke saka ƙwai, ƙudan na riƙe zafi a kan digiri 34 zuwa 35. Idan ya sauka ƙasa da 32, ko ya haura 36 na tsawon lokaci, 'ya'yan kan mutu, ko su fito da naƙasa. Ƙwai na ƙyanƙyashewa bayan kwana 3, kuma yana bukatar laima, don idan iskar ɗakin ta bushe ƙwarai sai ya ƙeƙashe bai fashe ba. Ma'aikaciya takan fito cikin kwana 19 zuwa 21 daga ranar da aka saka ƙwanta, sarauniya cikin kwana 16, namiji cikin kwana 24.

In sanyi ya yi yawa, ma'aikata kan dunƙule a kan 'ya'yan, su riƙa karkaɗa tsokar da suke tashi da ita ba tare da kaɗa fiffike ba, jikinsu ya ɗauki ɗumi. Makamashin wannan aiki kuwa zuma ce. In zafi ya yi yawa, wasu kan bar neman fure su koma ɗaukar ruwa, a yayyafa shi a kan saƙa, wasu su jeru a bakin ƙofa suna fifita, ruwan ya bi iska ya tafi da zafin, daidai yadda randa ke sanyaya ruwa ta hanyar naso. Amya mai ƙarfi takan sha fiye da lita ɗaya ta ruwa a wunin bazara.

A nan ne lissafin ɗan kasuwa ya shigo. Duk ƙudan da ya tafi ɗaukar ruwa bai kawo darɓar fure ba, duk zumar da aka ci don ɗumama ɗaki kuma ba za ta shiga kwalba ba. Saboda haka taimakon da mai amya zai yi wa ƙudansa wajen zafi da laima, kuɗi ne yake mayarwa aljihunsa. Abin da ya ƙara wa maganar nauyi shi ne halin ƙudan zumar Afirka, wanda ba ya haƙuri da gidan wahala. Idan ƙishirwa ko zafi ko tururuwa suka matsa masa, sai rundunar duka ta tashi ta bar amya, ta nufi inda ta fi samun sauƙi.

Bazara: inuwa da ruwa

Kaki yana narkewa ne a digiri 62 zuwa 65, amma tun daga wajen digiri 40 yake fara laushi. Sabuwar saƙa cike da zuma takan kai kilo 2, kuma da bakinta na sama kaɗai take rataye. Da zarar cikin amya ya ɗauki zafi fiye da abin da ƙudan za su iya kashewa, sai saƙa ta tsinke, ta faɗa kan 'yar'uwarta, zuma ta malale ta nutsar da 'ya'ya, wani lokaci har da sarauniya. Amyar katako mai murfin kwano da aka ajiye a fili ita ce ta fi shiga wannan haɗari.

Maganin farko shi ne inuwa, musamman daga hantsi zuwa la'asar. Tsamiya da dogon yaro suna riƙe ganyensu duk shekara. Gawo kuma yana da wata baiwa da ta dace da mai zuma, domin yana da ganye da rani lokacin da ake neman inuwa, ya zubar da shi da damina lokacin da ake son iska da hasken rana su busar da amya. Inda babu itace, a kafa rumfar zana, a bar taki ɗaya tsakanin rumfar da murfin amya don iska ta ratsa. In dole sai an yi murfin kwano, a shafa masa farin fenti, a shimfiɗa ciyawa ko kaba a kansa. Katakon jikin amya kada kaurinsa ya gaza santimita 2.

Na biyu shi ne ruwa. Ƙuda na iya tafiyar kilomita 2 ko 3 neman fure, amma ruwan sanyaya ɗaki ana so ya kasance kusa, ta yadda za a yi sawu da yawa cikin ɗan lokaci. A ajiye kasko ko tasa a inuwa, a zuba tsakuwa ko karare a ciki don ƙudan su samu wurin sauka kada su nutse, a riƙa cikawa kowace safiya. A fara wannan tun kafin kududdufai su ƙafe, domin idan ƙudan suka saba da rijiyar gari ko kwamin shayar da dabbobi, da wuya a raba su da wurin, kuma daga nan ake fara rigima da maƙwabta. Idan mai amya ya ga ƙudan sun taru cunkus a wajen ƙofa da tsakar rana, alama ce cewa ciki ya fi ƙarfinsu. Ya ƙara inuwa a ranar, kada ya jira gobe.

Hunturu: iska da ƙura

Iskar hunturu daga arewa maso gabas take busowa, guguwar farkon damina kuma daga gabas. Rana mai ƙuna ta la'asar tana yamma. Don haka kudu ce ta fi dacewa a juya mata ƙofar amya a wannan yanki. Shingen zana ko jerin itatuwa ta gefen arewa da gabas zai rage ƙarfin iska.

A wannan lokaci bambancin zafin rana da sanyin asuba kan kusanci digiri 20 cikin wuni guda, iska kuma tana zuƙe laimar ɗakin raino ta kowace kafa. A toshe tsagogin jikin amya da laka ko kashin shanu, a rage faɗin ƙofa. Su ma ƙudan suna yin irin wannan liƙi da danƙon da suke ɗebowa daga jikin itatuwa, kuma bai kamata a riƙa kankare shi ba gaira ba dalili. Idan rundunar ƙarama ce a cikin babbar amya, a sa allon katako a raba ɗakin, a bar musu daidai abin da za su iya ɗumamawa. Kada a buɗe amya da sassafe ko cikin iska, kuma kada a fito da saƙar 'ya'ya a riƙe ta a waje ana kallo. Mai ɗibar zuma a wannan lokaci ya bar musu abin da za su ci. Wanda ya kwashe duka a Janairu, ya sayar da amyarsa ne bai sani ba.

Damina: danshi da maƙiya

Da damina matsalar takan juya. Laima ta yi yawa, ƙudan na shan wahala kafin su busar da zuma, funfuna na kama saƙar da ba kowa a kanta, wata 'yar malam-buɗe-littafi mai cin kaki tana hayayyafa a amyar da ta yi rauni, gara na cin ƙafafun katako. A ɗaga amya daga ƙasa kamar mita ɗaya, a ɗan karkata ta gaba don ruwan da ya shiga ya fita, a nome ciyawar da ke ƙarƙashinta, a shafa baƙin mai ko giris a ƙafafu ko wayar da aka rataye ta da ita saboda tururuwa da cinnaka. A cire tsohuwar saƙar da ƙudan suka bari.

Mai kafa amya a bakin fadama ya tuna cewa ruwan kogi kan cika ne a ƙarshen damina, wani lokaci bayan ruwan sama ya ɗauke. Ambaliyar 2022, wadda ta yi ɓarna a Gashuwa da kewaye, ta nuna iyakar inda ruwa ke iya kaiwa. A tambayi dattawan wuri, a kafa a kan tudu. Har wa yau damina da noman rani lokaci ne na feshin maganin ƙwari a gonakin wake da tattasai. A yi magana da manoman da ke kusa su riƙa feshi da yamma liƙis, bayan ƙudan sun koma gida, tun da su ma suna cin ribar barbarar furen da ƙudan ke yi wa riɗi da kankana.

Wace amya za a saya?

Amyar gargajiya, wadda ake saƙawa da ciyawa a yaɓe da kashin shanu a ɗora a kan itace, ba abin rainawa ba ce ta fuskar zafi. Ciyawa da yaɓe ba sa barin zafi ya ratsa da sauri, ga inuwa da iska a saman itace, ga araha. Illarta tana wajen ɗiba. Ba a iya duba cikinta, kuma da wuta ake korar ƙudan cikin dare, a ƙona wasu, a kwashe saƙar zuma da ta 'ya'ya gaba ɗaya.

Amya mai sandunan sama, wadda aka inganta a ƙasar Kenya a farkon shekarun 1970, akwati ne dogo mai karkatattun gefuna, da sanduna masu faɗin milimita 32 jere a samansa, kowace sanda da saƙarta. Kowane kafinta a Gashuwa ko Nguru zai iya yin ta muddin ya kiyaye wannan awo. Ana ɗaga sanda a duba, a yanke mai zuma, a mayar da mai 'ya'ya. Sai kuma amyar Langstroth, wadda aka yi wa rajista a Amurka a 1852, mai firam da waya, wadda saƙarta ta fi jure zafi kuma ta fi ba da zuma, amma ta fi tsada, tana kuma bukatar injin tatsa. Ga mai farawa, ta Kenya ta fi dacewa, da sharaɗin inuwa. Ya fara da biyar ko goma, ya shekara yana koyo, sa'an nan ya ƙara jari. A nisanta wurin kiwon da gidaje da makarantu da burtali, domin ba a shan zuma sai an sha harbi, amma bai halatta maƙwabci ya sha harbin a madadin mai riba ba.

Hayayyafa

Hanyar da aka saba ita ce a goga kaki a cikin sabuwar amya, a rataye ta a jira rundunar da ta fito neman gida, abin da ya fi faruwa daga ƙarshen damina zuwa kaka. Mai amyar sanduna kuwa yana iya raba runduna mai ƙarfi gida biyu. Zai ɗauki saƙa biyu ko uku masu 'ya'ya, a cikinsu lalle akwai mai sababbin ƙwai, tare da ƙudan da ke kansu, da saƙar zuma da ta garin fure, ya sa a sabuwar amya, ya kai ta nesa. Ɓangaren da ya rasa sarauniya zai raini wata daga ƙananan tsutsotsin, ta fito, ta yi barbara da maza a sararin sama, ta fara ƙwai cikin kimanin wata guda daga ranar rabawa.

Lokaci shi ne sirrin wannan aiki. Ƙaramar runduna ba ta da isassun ma'aikatan da za su ɗumama 'ya'ya a daren Janairu, ko su sanyaya su a ranar Afrilu. A yi rabon lokacin da fure ya wadata, maza suka bayyana a amya, yanayi kuma ya yi sauƙi.

Ruwan da ke cikin zuma

Darɓar fure da ƙuda ke kawowa fiye da rabinta ruwa ne. Da fifita da ɗumin amya suke busar da ita har ruwan ya koma wajen kashi 18 cikin 100, sa'an nan su rufe bakin ramin da farin kaki. Saƙar da aka rufe ita ce nunanniya, kuma kada a yanki wadda ba a rufe aƙalla kashi uku cikin huɗu nata ba. Ƙa'idar abinci ta duniya, wadda ake kira Codex, ta iyakance ruwan zuma a kashi 20 cikin 100. Abin da ya haura haka yana iya tsami. Zumar da aka matse tare da 'ya'ya da ɗanyar darɓa kusan kullum takan wuce wannan iyaka.

Mai saye yana da hanyoyin kare kansa. Akwai wata 'yar na'ura ta hannu, rifaraktomita, wadda ake ɗiga mata zuma a leƙa a karanta yawan ruwan nan take, kuma kuɗinta bai kai asarar jarka ɗaya ba. Akwai kuma sikeli. Lita ɗaya ta nunanniyar zuma nauyinta kimanin kilo 1.4 ne, wato jarka mai lita 20 za ta yi wajen kilo 28 ban da nauyin jarkar. In ta gaza haka sosai, ruwa ya yi yawa. Sikeli dai ba ya kama algus na sukari da aka dafa ya yi kauri, wannan sai sanin wanda ake hulɗa da shi da kuma gwajin ɗakin bincike.

Zuma tana shan laima daga iska idan laimar ta wuce kashi 60 cikin 100. Ke nan busasshiyar iskar Yobe, wadda ke wahalar da ƙwai a amya, abokiya ce wajen tacewa da ɗurawa. A yi wannan aiki da rani, cikin ɗaki mai tsabta, a tace da farin ƙyalle, a rufe ruf tun kafin damina. Kada a zuba a jarkar da ta taɓa ɗaukar mai ko maganin feshi, ko a garwar ƙarfe.

Zafi ma yana lalata ta bayan an ɗiba. Dafa saƙa a kan wuta don zuma ta rabu da kaki yana baƙanta ta, ya kashe ƙamshinta, ya kuma ƙara wani sinadari da ake kira HMF, wanda masu saye na ƙasashen waje ke aunawa. Ƙa'idar Codex ta yarda da miligiram 40 a kowane kilo, ko 80 ga zumar ƙasashe masu zafi. Jera kwalabe a rana a bakin tasha, ko ajiye jarkoki a shagon kwano duk bazara, yana yin irin wannan ɓarna a hankali. Idan zuma ta sandare da sanyi, ba shaidar algus ba ce. A tsoma kwalbar cikin ruwan ɗumi wanda bai wuce digiri 40 ba, za ta saki.

Kaki da kasuwa

Ƙudan kan ci zuma kilo 6 zuwa 8 kafin su yi kilo ɗaya na kaki, amma a ƙauyuka da dama zubar da shi ake yi bayan an matse. Alhali kuwa masu yin kyandir da man shafawa da man goge takalma suna nemansa, ba ya ruɓa, ba ya tsami. A narkar da shi cikin ruwan zafi, a tace, a bar shi ya daskare. Habasha, wadda ta fi kowace ƙasa a Afirka samar da zuma, da Tanzaniya, sun daɗe suna samun kuɗin waje daga kaki, Zambiya kuma tana kai zumar amyar ɓawon itace Turai, saboda ta kiyaye tsabta da ƙa'ida.

A nan gida, mai son sa zumarsa a kwalba da suna ya kai manyan kantunan Kano ko Abuja sai ya yi rajista da hukumar NAFDAC, wadda aka kafa a 1993. Hakan ya fi sauƙi ga ƙungiyar gama kai, wadda za ta mallaki ɗakin tacewa ɗaya da na'urar awo ɗaya, ta ƙi karɓar duk zumar da ruwanta ya wuce iyaka. Shirin Babbar Ganuwar Itatuwa, wanda Yobe ke cikin jihohi 11 da ya shafa, yana ƙara yawan itatuwa a yankin, kuma gonar dakwara da aka jera wa amya tana ba da ƙaro da zuma a fili ɗaya.

A ƙarshe, mai kiwo ya ajiye littafi. Ya rubuta ranar da ƙuda suka shiga kowace amya, da lokacin furen kowane itace, da ranar ɗiba da nauyin abin da aka samu, da ranar da wata runduna ta gudu da yadda yanayi yake a ranar. Bayan shekara biyu littafin zai nuna masa wace inuwa ce ta fi, wane wata ne ya fi haɗari, kuma shi ne zai nuna wa banki in ya je neman rance. Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware 20 ga Mayu ta kowace shekara a matsayin Ranar Ƙudan Zuma, aka fara bikinta a 2018. A Gashuwa da Nguru ranar tana faɗowa ne a tsakiyar zafi, don haka mai amya ya duba rumfarsa, ya cika kaskon ruwa. Allah ya ba da sa'a.